Awon Masu Gadi

Litinin, 1 ga Satumba

Likita ya ce in riƙa rubuta wani abu kullum, wai don mu ga inda rawar hannun nan ta dosa. To ga shi ina rubutawa. Wanda ya ga rubutun sai ya ɗauka kaza ce ta taka tawada.

Abin rubutawar ma ba mai daɗi ba ne. Yau Auta ta ɗauke ni daga teburin yanka. Auta ƙanwata, wadda ni na koya wa zura zare a allura, ita ce mai shago yanzu, ni ma'aikacinta, kuma ban taɓa jin zafin hakan ba sai yau. Makon jiya hannun ya kufce mini a kan yadin wani mutum mai tsada, almakashi ya bi inda alli bai bi ba. Ba shi ne na farko ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

Ta kira ni ofis ta tura ƙofa. Ta ce mun samu aikin kayan masu gadin wani kamfani, riga da wando, mutum ɗari da wani abu, kuma sun ce awon kowa a kwamfuta suke so, cikin shafin nan mai layi-layi. Teburin kwamfutar ba kowa a kai. In na koya, nawa ne. In ban iya ba kafin a kai kaya ƙarshen Nuwamba, dole ta ɗauki wani.

"Ni kuma fa?"

"Sai ka huta a gida, Yaya. Ba abin da za ka rasa."

Na san wannan hutun. In shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ina amsa gaisuwar masu wucewa, ƙanwata tana aiko mini da cefane. Na ce mata zan koya, ba don ina so ba.

Almakashina na naɗe shi a ƙyalle na kulle a durowar sabon teburin. Ba mai taɓa shi.

Talata, 2 ga Satumba

Har an kawo mai yanka. Ashe da ma an shirya. Wani dogo ne, magidanci, ba ya magana sai murmushi, ’yan ɗinki har sun sa masa Dogo. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango. Almakashinsa tauna yadi yake yi, daga inda nake zaune ina jin ƙararsa a haƙorina.

Alhamis, 4 ga Satumba

Malamata ita ce mai shagon fotokofi da ke jikin namu. Auta ce ta roƙe ta, za ta riƙa leƙowa da yamma in ciniki ya lafa. Mace ce mai sauri, komai nata a guje, kuma kalma biyu kawai ta sani: danna nan. Danna nan, Baba Tela. A'a, ba nan ba, nan. Daga yau sunanta Danna-nan, a littafin nan dai.

Ta buɗe mini shafin. Akwatuna ne ƙanana jere reras, ba farko ba ƙarshe. Na ce ina iyakarsa, ta ce kar in damu, ba zan kai ba. Na ce duk yadin da ba a san faɗinsa ba ai ba a sa masa almakashi. Ta yi dariya ta ce in rubuta sunana a akwatin farko.

Matsalar linzamin ce, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur. In na ce in danna sau ɗaya, hannun sai ya danna sau uku, ya ja, ya saki. Sunana ya tashi daga akwatin farko ya faɗa can wani wuri, muka yi ta nemansa ni da ita. ’Yan ɗinki suna ta sunkuyar da kai a kan kekuna, kafaɗunsu na rawa. Na gan su.

Asabar, 6 ga Satumba

Hannu ya ƙi yau.

Laraba, 10 ga Satumba

Danna-nan ta zare linzamin ta jefa a jakarta, ta ce ba zan ƙara ganinsa ba. Da madannai kawai zan yi komai: kibiyoyi huɗu na yawo, ɗaya na tsallakawa akwatin gaba, ɗaya na sauka ƙasa. Na nannaɗe guntun yadi na ɗora wuyan hannuna a kai, sai rawar ta ragu. Ban gaya mata dabararta ta yi ba, kanta ya riga ya yi girma.

Layin tsaye yana da harafi, layin kwance yana da lamba. Ta maimaita ya fi a ƙirga. Na ce na ji, ba kurma ba ne ni. Ta ce to nuna mini layin kwance, na nuna na tsaye.

Juma'a, 12 ga Satumba

Yau na goge duk abin da muka rubuta tun Litinin. Ban san me na taɓa ba, na ɗaga kai kawai na ga fili fetal. Gabana ya faɗi irin faɗuwar da yake yi in almakashi ya wuce alli. Danna-nan ko a jikinta. Ta miƙo yatsu biyu ta danna maɓalli biyu tare, komai ya dawo kamar ba a yi ba.

Na ce ta sake. Ta goge, ta dawo da shi. Na goge da kaina, na dawo da shi.

Abin ya ba ni haushi, kuma na kasa gane dalili sai da na dawo gida. Tun ina saurayi nake yanka, kuma a teburin yanka babu koma-baya. Ka auna, ka sake aunawa, ka ja numfashi, sannan ka sa ƙarfe, don abin da ya rabu ya rabu. A haka na tsufa. Yanzu ga wani aiki da za ka yi ɓarna son ranka, ka danna biyu a yafe maka. Wannan ai lalata mutum ne. Na gaya wa Maman yara, ta ce in da akwai irin maɓallin nan a gida da ta danna shi a kan abubuwa da dama. Ban tambaye ta waɗanne ba.

Talata, 16 ga Satumba

Dogo yana barin ƙyalle a ƙasa kamar yadin ubansa ne. Na faɗa wa Auta, ta ce in kula da akwatunana.

Litinin, 22 ga Satumba

Fomula. Wai in kana son akwati ya yi lissafi da kansa sai ka fara sa masa ’yan sanduna biyun nan na daidai, in ba haka ba ya zauna yana kallonka. Na manta su sau ba adadi. Da na tuna kuma, akwatin ya cika da wasu alamu kamar tsani-tsani, na ce shi ke nan na ƙona musu kwamfuta. Ashe wurin ne ya yi wa lambar kaɗan. Danna-nan ta buɗa layin, lamba ta fito. Na ce ashe matsattsen wando ne, a ƙara masa ƙugu. Ta ce haka ne, Baba Tela, kuma yau ce rana ta farko da na faɗi abin da ya shiga hanya.

Rana ta farko! Wallahi ’yar cikina ta girme ta, ko ta kusa.

Laraba, 1 ga Oktoba

Na shirya shafin masu gadi da kaina. Suna a layin farko, sai wuya, kafaɗa, ƙirji, hannu, ƙugu, cinya, tsawon wando. Na sa kan layukan ya tsaya cak ko an gangara ƙasa. Na yi masa launi ma, ruwan toka, ba don kyau ba.

Danna-nan ta ce in riƙa ajiye kwafi na biyu da wani suna kullum kafin in tashi. Na ce to. Abu ɗaya a ajiye shi sau biyu, sai ka ce mai tsoron ɓarayi.

Asabar, 11 ga Oktoba

An gama awo. Duk makon nan masu gadi ke ta zuwa rukuni-rukuni, shago ya cika da takalma da ƙarar waya. Dogo ke riƙe da tef yana kira, ni ina dannawa kai tsaye. Auta ta ce a sa wani ya riƙa rubutawa a takarda ma, na ce takardar me, ko ba ta yarda da ni ba ne? Ta ɗaga hannu ta koma ofis.

Shugabansu shi ya zo ƙarshe. Ƙato ne na gaske, tef ya kusa ƙarewa a cikinsa, shi da kansa yana dariya yana cewa a ƙaro wani a ɗaura. Ya tsaya a bayana yana kallon yatsuna, ya ce ashe tsofaffi ma sun shiga harkar. Na ce da ma mu muka ƙyale ku.

Ba ƙarya, na ji daɗi.

Talata, 14 ga Oktoba

Kamfani ya aiko wai sunaye su bi harafi, daga na farko zuwa na ƙarshe. Danna-nan ta tafi duba mahaifiyarta, sai mako mai zuwa. Auta ta ce mu jira ta. Jiran me? Na ga yadda take yi. Na zaɓi layin sunaye, na danna abin jerawa. Wani ɗan allo ya fito da Turanci yana tambayata wani abu, dogon surutu, na zaɓi na ƙasa na wuce. In ma kuskure ne ai akwai maɓallin yafiya. Kafin ƙiftawar ido sunaye sun jeru tsaf. Na adana, na buga takardun da za a liƙa wa kowane ƙunshi, suna da awo, na kai wa Dogo na ajiye masa.

Auta ta duba ta ce sannu Yaya. Ta faɗa da gaske.

Litinin, 20 ga Oktoba

Yanka ya kankama. Ina zaune ina jin almakashin mutumin nan yana cin yadi ƙaras-ƙaras, hannuna na motsi a kan cinya shi kaɗai. Na buɗe durowa na kalli nawa, na rufe.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na koyi tacewa: ka ce a nuna maka masu ƙugu kaza kawai, sauran su ɓuya. Na koyi sa akwati ya yi ja da kansa in lamba ta wuce hankali. Danna-nan ta ce na fi wasu ɗalibanta matasa. Na ce ai ba sai an faɗa ba.

’Yan ɗinki sun fara ɗinka sunaye a aljihun riguna, zare fari a kan shuɗi.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Shugaban masu gadi ya zo gwaji da mutum huɗu. Aka miƙa masa ƙunshi mai sunansa, ya shiga bayan labule. Shiru. Can sai ya leƙo da kai ya ce a zo a gani. Wandon ya tsaya a gwiwa, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Rigar ko hannu ɗaya bai shiga ba. Wani siriri da suka zo tare kuma ya fito cikin riga kamar an rufa wa kujera zani, sunansa ɗinke a ƙirji da farin zare. Duka biyar ba wanda nasa ya yi.

Kowa ya juya ya kalli Dogo. Ni ma na kalle shi, har na buɗe baki na ce da ma na faɗa. Shi kuwa ya ɗauko takardar da ke jikin ƙunshin, ya shimfiɗa wandon, ya ɗora tef. Ƙugu daidai da takarda. Tsawo daidai da takarda. Ya miƙa wa Auta.

Aka kira Danna-nan. Ta zauna a kujerata ta duba, ta tambaye ni yadda na jera sunayen, na faɗa mata. Ta dafe kai. Ta ce ɗan allon nan tambayata yake ko in tafi da sauran layukan tare da sunayen, ni kuma na ce a'a. Sunaye suka tashi suka sake wuri, awo ya zauna inda yake. Kowane suna yanzu yana zaune a kan awon wani.

Na ce to a danna maɓallin. Ta ce maɓallin ba ya tuna abin da ya wuce in an adana an rufe. Ta ce ina kwafi na biyu. Ta ce ina takarda.

Mutum ɗari da wani abu. An yanka, an ɗinka, an sa suna.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Auta ta kira ni ofis. Na so ta zage ni, ta ƙi. Idonta ya yi ja, ta ce shugaban ya ba mu zuwa ranar da aka yi alkawari, in ba haka ba su kai aikinsu wani wuri, kuma ba ta da yadin da za ta sake ko rabi.

"Ni na matsa maka, Yaya. Laifina ne. Ka je gida ka huta, zan san yadda zan yi."

Na fito. Haushin kaina nake ji, da na kwamfuta, da na mutumin da ya ƙirƙiro maɓallin nan. A teburin yanka ban taɓa sa ƙarfe a abin da ban karanta ba. Wata biyu a kan akwatuna na zama mai danna-ka-wuce.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Ban zauna a gida ba. Maman yara ta ce ina za ni, na ce aiki, ta ce ai an ce ka huta, na ce ba ke aka ce wa ba.

A hanya abin ya faɗo mini. Kayan nan ba su lalace ba. Kowane ƙunshi awon mutum guda ne cikakke, daga wuya har ƙafa, mai shi kawai muka ɓatar. In mun gano mai shi, aljihu kaɗai za a farke a sauya. Na faɗa wa Danna-nan tun kafin ta gama buɗe shagonta. Ta ce in za a sake samo ko awo uku na kowane mutum, akwai fomular da ke shiga shafi ta nemo layin da ya dace. Amma masu gadin suna warwatse a bakin aiki, kamfani ba zai sake kwaso su ba.

Dogo yana jin mu. Ya ce yana da babur.

Na faɗa wa Auta, ta ce in na faɗo daga babur ita za ta sha tambaya a gida. Ba ta hana ba dai.

Talata, 18 ga Nuwamba

Bayana ya gama yawo. Ƙofar masana'anta, ƙofar sito, ƙofar makaranta, gidan mai, wani gini da ba a gama ba. Masu aikin kwana sai mun tare su da safe suna shirin tafiya, ido jajir, ba sa son a taɓa su. Wani ya ce sai mun nuna takardar izini kafin mu auna ƙugunsa. Wani kare ya bi mu. Dogo ke aunawa kuma shi ke rubutawa, tunda hannuna a kan babur ya zama abin tausayi. Aikina in riƙe rigarsa ta baya in riƙa cewa ya rage gudu.

Yana sa yatsa biyu a ƙarƙashin tef in ya zo ƙugu. Ban koya masa ba. Na dai lura.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Mun tsaya shan shayi a bakin hanya, sai ga Dogo da magana, shi da ba ya magana. Wai shekarun baya, yana koyon aiki a wani shago, ya sayi riga ta gwanjo wadda aka ce yankana ce, ya farke ta gaba ɗaya don ya ga yadda nake zagaye hammata. Ya ce har yau bai samu daidai ba, tasa tana tattarewa in an ɗaga hannu.

Na ce ai dole ta tattare, tunda yana zurfafa ta baya kamar ta gaba. Na zana masa da yatsa a kan benci. Daga baya na ji haushin kaina, abin da ban taɓa nuna wa kowa ba na zubar a teburin mai shayi.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Fomular nema ta kusa kashe ni. Baka a buɗe, waƙafi, baka a rufe, in ka manta ɗaya ta yi maka tsawa. Da muka samu ta tashi, rabin akwatunan suka ce ba a samu ba. Ba a samu ba! Mutum yana tsaye da ƙafarsa a ƙofar sito an ce ba a same shi ba.

Dalili ashe ita daidai-wa-daida take nema, ɗan Adam kuwa ba katako ba ne. Wanda aka auna da safe ba shi ne wanda aka auna bayan ya ci ya ƙoshi ba, rabin inci ya shiga ko ya fita. Na ce wa Danna-nan ba daidai za a nema ba, mafi kusa za a nema, kuma tsawon ƙafa da kafaɗa su za a fi ba nauyi tunda su ba sa ƙaruwa da abinci. Ta ce wannan ita ma sai ta yi tunani. Ta rufe shagonta da rana tsaka, muka zauna, ita tana gini ina rushewa, ni ina gini tana cewa ba nan ba. Mun yi faɗa sosai. Ta ce in na ƙara ce mata yarinya za ta tafi. Na daina.

Kafin in taɓa komai na ajiye kwafi. Na ajiye na uku ma. Ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Sabuwar dabarar ta tashi. Na ja fomular daga sama har ƙasa da madannai, sunaye suka riƙa faɗawa kan awonsu ɗaya bayan ɗaya. Na fara duba na shugaban: ya sauka a kan layin da ya fi kowane faɗi. Na ce yawwa, ka dawo gida.

Mutum biyu kawai suka yi ja, awonsu iri ɗaya sak, kwamfuta ta rasa na wa ne na wa. Danna-nan ta fara neman wata dabara. Na ce ta bari, in jikinsu ɗaya ne ai wandonsu ma ɗaya ne, kowa ya ɗauki wanda ya samu. Muka yi dariya har Auta ta leƙo.

Ban yarda da shafin haka kawai ba. Na sa Dogo ya ɗauko ƙunshi goma mu auna da tef mu gwada da sabon awo. Na karanta duk ɗan allon da ya fito, kalma-kalma, wanda ban gane ba na tambaya.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

’Yan ɗinki suna farke aljihu suna harara ta. Suna da gaskiya. Na saya musu lemo, suka sha suka ci gaba da hararar.

Asabar, 29 ga Nuwamba

An kai kaya. Shugaban ya shiga bayan labule. Ya fito yana jan ƙugu, ya durƙusa, ya miƙe, ya ɗaga hannu sama, ya ce a'a, wannan karon da mutum aka yi. Sauran an gwada su a can, uku kawai aka dawo da su a rage tsawo.

Auta ba ta ce mini komai game da teburin kwamfutar ba, ni ma ban tambaya ba. Ƙarshen Nuwamba dai ya zo.

Litinin, 1 ga Disamba

Na zo na tarar da takarda a kan madannai: kayan ma'aikatan wani otal. Auta ta wuce ta gabana da waya a kunne, ta cire ta ɗan lokaci.

"Yaya, wannan karon har yadin da zai ci nake so shafin ya faɗa mini tun kafin in saya."

Ta mayar da wayar ta wuce. Ko a ce sannu. Shugabanci ya lalata yarinyar nan.

Talata, 9 ga Disamba

Kafin akwati ya faɗi yadin da mutum zai ci, sai na gaya masa nawa nake bari a ɗinki, nawa a lanƙwasa, yadda nake kwantar da hannun riga a gefen ƙafar wando don kar a yi asara. Abubuwan da ke cikin hannuna ne, ban taɓa faɗarsu da baki ba, ballantana da lamba. Na yi mako ina fama. Inda na kasa sai in kira Dogo ya shimfiɗa yadi, in ce sa alli nan, ya sa, mu auna, in mayar fomula. Na kulle akwatunan fomular don kar wani mai gaggawa ya taɓa. Na san irinsu.

Ƙyallen da ke ƙarƙashin teburinsa ya ragu. Hammatarsa ma ta daina tattarewa, kusan.

Wannan a kwamfuta na rubuta shi, hannun ya ƙi biro tun shekaranjiya. Likita zai yi ƙorafi. Shi ya sani.

Alhamis, 11 ga Disamba

Ƙarar almakashin mutumin nan ce ta ishe ni, ba wani abu ba. Mutum yana tsakiyar fomula ana ƙaras-ƙaras a kunnensa, ya rasa inda ya buɗe baka. Na buɗe durowa na warware ƙyallen, na ɗiga masa mai, na kai masa tebur. Ya tsaya yana kallo ya ƙi karɓa, sai da na ce hannuna zai yar da shi sannan ya tara hannu biyu.

Na ce aro ne. Na ce kar ya yanka takarda da shi, kar ya bar shi a buɗe, kar ya ba kowa wasawa. Ya ce to, Baba. Ya tambaya yaushe zai dawo da shi, na ce ina da aiki, ya bar ni.

Na koma na zauna. Daga bayana na ji ya shiga yadi, shuuu, ba tauna ba tsayawa, yadda yake yi a hannuna da. Na daɗe ban danna komai ba.

Durowar ta yi fili, na sa tabarau a ciki.